Kore da Mai Toka

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya shago, ya yara, ya ƙafar maigidan naki?

Yaya, albishirinki! Na samo masana'antar da za ta riƙa haɗa mana injin janareto a rabin kuɗin wanda muke saye. Na je na gani da idona: kore shar, ba nauyi, tashi ɗaya yake yi. Namu kawai gidan ƙarfen da zai zauna a ciki, waya, fenti da farantin sunan Baba da muke mannawa. Tun rasuwar Baba muke rungume da injin nan mai ruwan toka, ga tsada ga daɗewa a hanya, maƙwabta kuwa sun kwashe mana masu saye. Ki ce "to" kawai in loda kwantena.

Ƙanenki,
Auta

Auta,

Bayan gaisuwa. Ƙafar da sauƙi.

Kaya sun iso lafiya. Dogo, tsohon bakanikenmu, ya ɗaga ɗaya da hannu guda ya ce, "Wannan inji ne ko gwangwanin madara?" Yaran shago suka yi ta dariya. Duk da haka ya ɗaura su, kuma sun zauna daidai. Sun ƙare kafin fenti ya gama bushewa. Rabon da mu yi irin wannan ciniki har na manta. Ka ƙaro.

Yayarka

Auta,

Ina fatan kana lafiya. Wannan karon ba ciniki ya sa na rubuto ba.

Ka tuna matar nan mai ɗakin sanyi a bayan tasha, wadda ke sayar da kifi? Ta sayi kore ɗaya. An ɗauke wuta kwana da kwanaki, injin ya yi ta aiki ba hutu har ya yi zafi ya cije. Kifinta duka ya ruɓe. Ba ta yi faɗa ba. Ta sa an turo janareton a baro, da kwandon kifin a kansa, aka ajiye mini a bakin ƙofa. Ta ce, "Ga kayanki, ga nawa." Ta juya.

Dogo ya buɗe shi a kan teburin walda. Fistan ya narke ya manne. Wasu uku sun dawo da irin ciwon nan. Ka tambayi mutanenka me za su yi.

Yayarka

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da ban-haƙuri. Wallahi tun da na karanta wasiƙarki abinci ya daina mini daɗi.

Na je wurinsu. Suka karɓe ni da fara'a, suka nuna mini inda aka rubuta cewa injin na aikin 'yan sa'o'i ne, a bar shi ya huce. Garanti yana nan, in mu za mu mayar da shi ta jirgin ruwa da kuɗinmu, wanda ya fi kuɗin sabo. Na koma wurin masu mai toka. Sun ƙara farashi, kuma sai bayan wata huɗu.

Yaya, in kin ce in tattara in dawo gida, zan dawo. Ni na jawo. Amma ki faɗa mini, wa zai sayi mai tokan a yadda gari yake?

Ƙanenki mai jin kunya,
Auta

Auta,

Bayan gaisuwa. Ka ci abincinka, kuma ka zauna inda kake.

Na je har ɗakin sanyin na same ta tana wanke ƙasa. Na ce akwai mai toka guda da ya rage a sito, ta ɗauka ta cika abin da ya sawwaƙa a hankali. Na faɗa mata gaskiyar kowanne. Ta jingina tsintsiya, sannan ta ce, "Mai tokan nan in ya lalace, kayan gyaransa fa?" Na ce sai an yi oda. Ta ce, "Kifi ba ya jiran oda. Ba ni kore biyu, ɗaya na aiki ɗaya na hutawa. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa."

Haka aka yi. Ɗaya na ba ta a madadin nata, ɗaya ta saya.

Ka aiko da wata kwantenar, kore duka. Na ce wa Dogo daga yau ya daina manna farantin sunan Baba a jikinsu. Ya zuba sauran farantan a aljihun tebur.

Ka gaida mutanen gidanka.

Yayarka