Tsuntsu Mai Biyan Buƙata

Litinin, 7 ga Yuni, 2010

Kwana huɗu ke nan muna asibiti a Anka da jikata Surayya. Gubar dalma, in ji likita. Ƙanenta Sadiq mun rufe shi a Dareta wancan sati. Innarsu ko tsayuwa ba ta iyawa, shi ya sa jinya ta faɗo kan tsoho.

Laraba, 9 ga Yuni

Bayan la'asar aka tada janareto aka sa wa yara fim. 'Ya'yan Turawa ne suka tsinci wani tsuntsu, kowa ya roƙi abu guda sai ya ba shi. Ɗaya ya roƙi tulin alawa. Ɗaya ya roƙi karensa ya yi magana. Kare fa. Ba wanda ya tuna da ruwan sama. Ban kai rabi ba na tashi.

Surayya ta ce, "Tsoho, kai mi za ka roƙa?" Na ce, amarya, a tatsuniyoyin da na tashi da su, duk wanda aka ba zaɓi ƙarshensa kuka ne. Ta ce, "Kai dai ba ka iya roƙo ba."

Asabar, 12 ga Yuni

Wata ma'aikaciya ta tambaya ko a cikin gida muke dakan dutsen zinariya. Na ce e. Ban gaya mata sauran ba. Ranar da ɗana Namadi, baban Surayya, ya kawo buhun farko, matarsa hana turminta ta yi. Ni na ce a ba shi. Na ce ai ƙasa ce, a ɗauraye a daka fura. An kuwa ɗauraye. Sau biyu ma, don ni mutum ne mai tsafta.

Talata, 15 ga Yuni

Surayya ta yi jijjiga sau uku yau.

Juma'a, 18 ga Yuni

Ido a buɗe, magana babu. Likita ya ce magani na fitar da gubar, amma abin da ta riga ta taɓa a kai… sai ya duba takardarsa. Na tsokane ta, na ce tunda ta daina gaishe ni zan sake ta. Ba ta rama ba.

Alhamis, 24 ga Yuni

An sake sa fim ɗin. Na ɗauke ta muka zauna gaba, don ta fi gani, ba don komai ba. Har ƙarshe na zauna. Da tsuntsun ya juyo yana tambayar yaran abin da za su roƙa, ashe maganata ta fito. Matar da ke kusa da ni ta ce, "Baba, da ni kake?"

Na ce a'a, tasbihi nake.