Inna, Ciwonki Yana da Suna

Assalamu alaiki Inna. Gaisuwa daga ƴarki Rakiya, daga gidanmu na unguwar Maourey inda kika bar ni da keken ɗinkinki.

Na rubuto ne don in ba ki labarin abin da na gani a asibiti, wanda har yau bai bar zuciyata ba.

Kin tuna shekarunki na ƙarshe, yadda kike zama a tabarma kina murza tafin ƙafarki? Kullum kina cewa, "Kamar na taka garwashi, Rakiya, ga tururuwa suna hawa." Mun kai ki wurin likitoci uku. Ɗaya ya rubuta sanyin ƙashi, ɗaya ya ce jijiya ce, na ukun ya yi zaton suga. Kowanne da kalmarsa ta Faransanci, kowanne da ordonansinsa, wato takardar sayen magani, kuma babu wanda ya gane takardar ɗan uwansa.

Bara abin ya zo kaina. Yatsuna suka fara mutuwa, allura tana faɗuwa daga hannuna ban sani ba. Gaɓoɓina suka kumbura. Na mayar wa mata biyu atamfarsu ana gab da Salla, saboda ko zare na kasa sakawa.

Likitar gaɓoɓi, wata Bazabarma mai sanyin murya, ta yi mini analis na jini. Ta ce sunan ciwon lupus. Ta ce sojojin da Allah ya sa a jikin mutum don su kare shi ne suke ruɗewa, su far wa jikin nasa, har da jijiyoyi. Na daɗe ina kallon hannuna, Inna. Ban taɓa sanin akwai masu tsaro a cikina ba, balle in san suna iya ɓata hanya.

Daga nan ta tura ni wurin likitan jijiyoyi, wani ɗan Zinder. Na shiga da fargabar za a sake labarinki. Sai ya karanta dosiye, wato takardun jinyata, ya ɗaga telefon ya kira likitar gaɓoɓin a gabana, ina jiyo muryarta. Ban ji Faransancinsu duka ba, amma na ji kalma ɗaya tana fita daga bakinsa tana dawowa daga bakinta, ba gardama. Da ya aje ya ce mini, "Hajiya, da can kowa da sunan da yake kiran abin. Mun zauna mun yarda a kan suna ɗaya, don kada maganina ya ci karo da nata."

Ya nuna mini takardar da suka haɗa tare. Kowace kalma ta likitanci, ga yadda marasa lafiya suke faɗinta da Hausa da Zabarmanci. A layi na huɗu na ga an rubuta: ƙafa kamar an taka garwashi. Maganarki ce, Inna, a takardar likitoci.

Randebu na gaba, ranar da ya ce in koma, na kai masa tsofaffin takardunki. Ya karanta su a hankali. Ya ce ba zai iya rantsuwa ba tunda ba ki nan, amma duk alamun suna nuna ciwo ɗaya ne da nawa.

Yanzu ina shan magani, su biyun suna duba ni. Yatsuna sun dawo, sai dai ƙaramin na hagu. Jiya na gama riga guda ni kaɗai.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Wata rana da kika kira ni in danna miki ƙafa, na ce wa Yaya Hadiza a bayan idonki raki ya yi miki yawa. Ina jin kin ji ni, don ba ki sake kirana ba ranar. Yau na san zafin da kike nufi. Ki yafe mini.

Allah ya jiƙanki, ya yalwata kabarinki, ya sa ciwon da kika sha ya zama kankarar zunubi. Allah ya saka wa likitocin nan biyu da alheri.

Ƴarki,
Rakiya