Kishin Kakannin Afra'u

Jahun, Litinin

Afra'u ta wuni a rana ba ta dafe kai ba! Jiya har kasuwa ta bi ni, cikin ƙarar babura, ta dawo tana dariya.

Af, na tsallake gaisuwa. Salamu alaikum, Alhaji Ɗayyabu. Ya iyali, ya mutanen Taura, ya shanu?

Ka san yadda ciwon ɓarin kai yake kwantar da jikarmu a ɗaki mai duhu, ga amai, ko ƙarar cokali ba ta so. Da uwarta ta ɗauko ta daga gidanka, mun kai ta wurin likita a Dutse. Ya ce ta riƙa barci da wuri, ta yawaita shan ruwa, kada ta zauna da yunwa. Ya haɗa mata da wata ƙwaya, Ko-kiyu-ten. Ya ce rigakafi ce, ba ta kashe ciwon in ya riga ya tashi, tana yi wa wani ba ta yi wa wani, kuma sai an yi haƙurin watanni. Mun yi. Yanzu jefi-jefi ciwon yake zuwa, ba ya daɗewa. Ni nake ba ta kullum, ni na karanta rubutun kwalbar da idona. Makarantar daren da kake yi mini dariya a kanta ta yi rana.

Saukarta ta Alƙur'ani ranar Asabar ce. Amaryata dai ta zaɓi gida.

Naka,
Jaji

Taura, Talata

Zuwa ga Malam Jaji. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Direba ya ba ni takardarka. Waya tana aljihunka, amma sai ka rubuta, don duniya ta san ka yi boko da furfura.

Alhamdu lillahi da sauƙin yarinya. Sai dai ka tuna a cinyata aka yaye ta. Ni na yi jinyar shekara da shekaru, ina ɗora mata jiƙaƙƙen tsumma a goshi, ina korar zakara daga bakin tagarta. Kai ka zo da kwalba guda ka ƙwace mini mata. Uwarta kuwa, 'yar cikina, ko shawarata ba ta nema ba.

Ranar Asabar zan kai shanu allura. Allah ya sa a yi taro lafiya.

Wassalam,
Ɗayyabu

Jahun, Laraba

Salamu alaikum, Alhaji. Ina gaisuwa.

Afra'u ta ji ba za ka zo ba. Ta ce ita ma ba za ta tsaya gaban jama'a ba, malamai su kira wata. Ka san taurin kanta, a wurinka ta gado.

To, ga abin da na so in haɗiye. Likita ya ce a sha ƙwayar da abinci mai maiƙo, ta fi shiga jiki. Na sayo man gyaɗa, ta ture. Na sayo man shanu a kasuwarmu, ta shinshina ta ce ba ya ƙamshin na Baba na Taura. Duk watannin nan, da robar soyayyen man da ka cusa mata a kaya take cin tuwo. Ni ina miƙa ƙwaya, ita tana yi maka addu'a. Ka ga irin auren da nake zaune a ciki.

Jiya da yatsa ta suɗe ƙasan robar.

Naka, ba don raina ya so ba,
Jaji

Taura, Alhamis

Malam Jaji, bayan gaisuwa.

Ashe yarinyar ta san mijin kirki. Kada ka kuskura ka ba ta na kasuwa. Kakarta Hajiya tana kan suyar wani man yanzu haka. Shanu za su jira.

A damanta zan zauna.

Ɗayyabu

Jahun, Juma'a

Salamu alaikum. Dama taka ce, na riƙe hagu. Kwalbar kuwa a aljihuna take, ba a taɓawa.

Ka taho da Hajiya, da ɗanka Sani, da maƙwabtan da suka daina daka saboda ita, kada a bar kowa. Yarinyar da ba ta iya buɗe taga za ta tsaya a tsakiyar rana, lasifika a hannu. Ku zo ku gani da idonku!

Jaji