Kwandon da Ba Ya Jin Tausayi

Iisalmi, 14 ga Janairu

Zuwa ga Yayata Sirkka,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kuna lafiya ke da maigidanki Reino, kuma gwiwar nan taki ta sassauta miki. Yaya sanyin Vaasa? Mu nan ƙanƙara ta kai gindin taga, rana kuwa leƙowa kawai take yi ta koma.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. To, waya ba ta da sirri a gidan nan. Maigidana Aulis da ba ya ji in na ce ya fitar da shara, da zarar na rage murya sai kunnensa ya buɗe.

Yaya, tsoro nake ji, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa. Kin tuna da aka sallame shi daga asibiti bara waccan, bayan ɓarin jikinsa na dama ya nemi shanyewa, likita ta ce kada ya bar wasan jefa faifan nan nasa, shi ne maganin hannun. Tun daga nan kullum in ya sha kofin safe sai ya share ƙanƙara a farfajiya, ya auna taku bakwai daga kwandon ƙarfensa, ya dinga jifa har ɗari. In faifan ya shiga, sarƙoƙin da ke rataye a kan kwandon su ce kacau. In ya kauce, ya faɗa cikin ƙanƙara shiru. Ni kuma ina ɗakin girki ina wanke-wanke ina ƙirgawa. Bai sani ba. Da farko biyu nake ji cikin goma, sannan biyar, kafin bazara ta ƙare takwas. Wannan ƙarar ita ce likitana, da ita na koma yin barci.

Yau mako biyu ke nan ba na jin fiye da uku cikin goma. Jiya ma biyu.

Ba kuma za a ce laifin tsohon ƙarfe ba ne, don sabon kwando fil yake jifa a kai. Sai da ya yi kwana goma yana duba hotunan kwanduna da tabarau a kan hanci, kamar mai zaɓen gida, sannan ya tuƙa har Kuopio ya dawo da wani siriri mai sheƙi, ya jefa tsohon a rumfar itace. Kaya sabo, hannu ne dai.

Za ki ce in tambaye shi. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, kin san shi. Ranar da na taɓa ce masa yaya jiki, kallona ya yi ya ce, "Wa ya mutu?" Ga shi kuma a ƙofar asibiti ya sa na yi masa alkawari ba zan riƙa kallonsa kamar majinyaci ba. Ki ba ni shawara, amma a takarda.

Ki gaishe da Reino.

Ƙanwarki,
Orvokki

Iisalmi, 9 ga Fabrairu

Yaya Sirkka,

Bayan gaisuwa, takardarki ta iso, na karanta ta sau uku a ɗakin wanki. Na ji daɗi da gwiwa ta yi sauƙi. Safar ulun da kika saƙa wa Aulis ta yi masa daidai, ya ce a gode miki, wato ya ɗaga ta sama ya ce "to."

Na bi shawararki na gwada shi a ɓoye. Na cika masa kofi har baki, ya kai bakinsa ko ɗigo bai zuba ba, sai dai ya ce, "Orvokki, an ce kofi zai ƙare a duniya ne gobe?" Na ba shi allura da zare na ce idona ya gaza, ya zura. Na tura masa dankali kwano guda ya fere, ya fere yana gunaguni. Duk lafiya lau. Amma da safe in ya fita, shiru, shiru, shiru, sannan kacau ɗaya kamar sadaka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bai damu ba. Aulis da kika sani, wanda in ya kuskure jifa a gasar ƙungiyarsu sai ya wuni bai yi wa kare ma magana ba, yanzu shigowa yake yana fito, yana kakkaɓe ƙanƙara, yana tambayar me aka dafa. Na je na tono takardar bayanin da asibiti suka ba mu. A ciki an ce wani mai irin ciwon nan ba ya gane jikinsa na ja da baya, na kusa da shi ne ke gani. Na zauna a bakin gado da takardar a hannu na yi kuka na ƙoshi. Kin san wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, amma ni ba tsumma nake gani ba, da kunnena nake ji kullum.

Na yi abin da ban taɓa yi masa ba, na yi masa ƙarya. Na karɓar masa ranar ganin likita, uku ga Maris, na ce hawan jinina za a duba ya kai ni da mota. In mun shiga ɗakin sai ya ji gaskiya. Zai yi fushi, ya yi. Gara ya yi fushi yana tsaye da ƙafafunsa.

Ban gaya wa 'yarmu Kaarina ba, ga ta da tsohon ciki. Kada ki bari ya suɓuce miki in ta kira.

Taki har kullum,
Orvokki

Iisalmi, 5 ga Maris

Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki da zuciya fara tas, ina fatan ku ma kuna cikin ƙoshin lafiya. Ki nemi kujera ki zauna, kuma in za ki yi mini dariya ki yi ta yanzu ki gama kafin mu haɗu.

Ran Lahadin da ta wuce abokinsa Taisto ya zo, mai gemun nan da ya yi ta rawa a bikin Kaarina. Shi ne gwanin jifa a ƙungiyarsu, ko Aulis ya yarda da haka in ba ya kusa. Suka fita farfajiya, ni kuma na tsaya a tagata ina yanka burodin kirfa. Taisto ya karɓi faifai goma ya gyara tsayuwa. Shiru. Shiru. Sai a na shida na ji kacau, daga nan ban ƙara ji ba. Wallahi Yaya, abin da ya fara zuwa raina shi ne, shi ma ya kamu.

Ban san lokacin da na fita da silifas ɗin ɗaki cikin ƙanƙara ba, wuƙar burodi a hannu. Na tarar Taisto yana zagaya kwandon yana tsaki.

"Kai tsohon banza, wannan ai ba kwando ba ne, kwalba ce," in ji shi. "Wa ya aike ka?"

Na ce, "Taisto, me ya sami kwandon?"

Ya ce, "Au, ba ki sani ba? Dubi sarƙoƙin mana, faɗinsu bai fi rabin na gasa ba. Na horo ne. In ba ka daki tsakiya cif ba, tofo maka faifanka yake yi. Wanda ya sa uku cikin goma a nan, a filin gasa ba mai iya ja da shi. Mijinki mugu ne, so yake ya cinye mu da bazara."

Na juya na kalli Aulis. Na ce, "Wata biyu ina ƙirga uku, ina ƙirga biyu." Sai kuka ya ƙwace mini. Ya dube ni, ya dubi tagar ɗakin girki, ya dubi ƙafata a cikin silifas. Ya wuce rumfar itace ya jawo tsohon kwandon, ya kafa shi, ya auna taku bakwai. Tara ya zuba a jere, ƙarar har cikin ƙirjina. Na goman ya kauce, ya ce kukana ne ya ɗauke masa hankali.

Bayan Taisto ya cinye rabin burodin ya tafi, muka zauna a tebur. Na ce me ya sa bai gaya mini ba. Ya ce ai ban tambaya ba. Na ɗaga tsumman goge kwano zan maka masa, sai ya ci gaba, yana kallon cikin kofinsa. Ya ce tun da ya dawo daga asibiti kowa lallaɓa shi yake yi. 'Yan ƙungiya in faifansa ya faɗi kusa sai su ce ya ɗauka kawai, an ba shi. Tsohon kwandon ma ko ya jefa a karkace karɓa yake yi. Ya ce, "Na rasa mai gaya mini gaskiyar hannun nan, Orvokki. Shi ya sa na nemo wanda ba ya jin tausayi." Ran farko ɗaya ya sa cikin ashirin. Ran da ya kai uku cikin goma ya san hannunsa ya dawo, shi ne fiton da nake ji. Ashe abin da ke hana ni barci shi ke sa shi barci. Tsoro ɗaya muke ji a gida ɗaya, bango ɗaya tsakaninmu, kowa ya rufe bakinsa. Kin ga aikin mutanen gidanmu.

Na tona masa ƙaryar da na yi masa kan zuwa ganin likita. Ya ce tunda an karɓi rana a je. Shekaranjiya muka je, likita ta duba shi ta ce garau yake. Ni ce jinina ya hau, har an ƙara mini ƙwaya. Duk hanyar dawowa yana tuƙi yana murmushi, ban kula shi ba.

Bai mayar da tsohon kwandon rumfa ba. Ya kafa shi daidai ƙarƙashin tagar ɗakin girki. Yanzu kullum da safe a nan yake fara tsayawa ya jefa goma, sannan ya tattara faifansa ya wuce can wajen siririn nasa su ci gaba da rigimarsu. Bai ce don ni yake yi ba, ni ma ban ce na gane ba. Yau da safe na ajiye soso na saurara, goma cif na ƙirga.

Ki gaishe da Reino, ki ce ina jiran ku da bazara. Yanzu kina iya kirana a waya.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Orvokki