Layin da Ya Ratsa Unguwar Majema

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Mun sauka Doha. Mu shida ma'aikata ta turo mu ga yadda taragon cikin gari ke aiki, wanda suke kira tiram, don mu ma a yi mana a gida. Tun a filin jirgi Darakta, Alhaji Abdulbaqi, ya fara tambayar inda ake sayar da turare. Ni kaɗai ce mace, ni kaɗai na taho da taswira.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Unguwar Mushairib, a tsakiyar Doha. Wallahi na ji kishi. Tarago na tafiya shiru kamar ba ƙarfe ba, babu waya ko ɗaya a sama, gine-gine sun yi wa hanya inuwa. Injiniyan da ya zaga da mu ya ce tsohuwar unguwa ce aka kwashe aka sake ta. Abin da nake ta faɗa ke nan a ofis! Layin da na zana ya miƙe daga tasha zuwa kasuwa, ta tsakiyar Unguwar Majema a garinmu. Unguwar da ko keke ba ya iya juyawa a lungunanta.

Ina tsaka da tambaya kan birki Darakta ya miƙo mini wayarsa. "Haulat, ɗauke mu a bakin ƙofar nan." Na ɗauka.

Talata, 12 ga Nuwamba

An shirya mana zuwa garejin taragu. Mutum biyu muka je. Sauran wai ciwon kai. Da yamma ciwon kan ya dawo da ledoji.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Yau ya fito fili. Wajen cin abinci Darakta ya ce layina ba zai yiwu ba, a karkata shi ta bayan gari. Kowa a teburin ya san filayen waye a bayan gari, amma duk suka sunkuya kan shinkafa. Na ce ranka ya daɗe, wa zai hau tarago a cikin gonaki? Ya yi murmushi, ya ce in ban sa hannu a rahotonsa ba, akwai masu son kujerata a kwamitin aikin.

Aikin da na ƙare ƙuruciyata a kai. Ba zan sa hannu ba. Majema za a bi, ko ana so ko ba a so. A biya su diyya su koma sabon wuri mai famfo, me ya fi wannan?

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Bayan an sauko daga masallaci na je gaida Kawu Haladu, ƙanin Inna, a unguwar Fereej Abdel Aziz. Ya daɗe a nan yana tuƙa motar wani kamfani. Na kai masa kilishi da daddawar da Inna ta ba ni.

Na tarar da katifu a tsakar gida, an ɗaure tukwane da igiya. Ashe mai gidan ya sayar, za a rushe a yi dogon bene. An ba su zuwa ƙarshen wata. Kawu bai taɓa faɗa wa Inna ba.

Na fara faɗa, ina cewa ai wannan zalunci ne. Ya ce a'a 'yata, ba a cuce su ba, kamfani ya ba shi ɗaki a can wajen Al Wakrah, sabo fil, har ya fi wannan sanyi. Khalas, in ji shi, wato shi ke nan. Sai dai Malam Iliasu.

Malam Iliasu maƙwabcin ɗakinsa ne, mai gadi, mutumin Gumel. Ciwon suga ya fara taɓa masa ido. Kawu ne ke karanta masa rubutun magani, shi ke dafa musu tuwo ran Juma'a, shi ke riƙe masa hannu su tsallaka titi da asuba. Shi nasa kamfanin wani gefen gari daban zai kai shi. Na ce ai akwai jirgin ƙasa, nan da nan za ku riƙa ganin juna. Malam Iliasu ya yi dariya.

"Hajiya, jirgi zai kawo mini shi ran Juma'a. To sauran ranakun fa?"

Muka ci tuwon a kan kwali. Na taya su naɗe labule. Kawu ya rubuta lokutan shan magani da manyan baƙaƙe a jikin kwalbar, sannan ya tsaya yana kallonta, don ya san Malam Iliasu ko manyan ba zai gani ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na koma Mushairib ni kaɗai, na zaga a tarago. Yana nan da kyansa, ban fasa cewa yana da kyau ba. Na tambayi wani mai shagon shayi ko ya san inda mutanen tsohuwar unguwar suka koma. Ya ce shi bara ya zo.

Ban san sunan mutum ko ɗaya a Majema ba. Gidaje na ƙirga daga hoton sama. Wannan ba laifi ba ne, haka ake aikin.

Darakta ya aiko a tuna mini da sa hannu. Na ce a gaya masa ina wanka.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Gobe za mu koma. Rahotonsa yana kan tebur yadda aka kawo shi. In ya so ya ba wa wani kujerar, ba zan kai tarago gonar ƙaninsa ba.

Na buɗe taswira da safe. Akwai tsohuwar hanyar kwata da ta kewaye Majema ta gabas. Ta fi tsawo, za ta fi tsada, za a yi mini dariya a kwamiti bayan duk cika bakin da na yi. Na ɗan ja layi a kai da fensir, don in gani kawai. Ƙasar wurin ta fi tauri, shi ne dalili. Ba don komai ba.

Na kira Inna na tambaye ta ko ta san wani a Majema. Ta ce me zan yi a can? Na ce gaisuwa.