Guzan da Na Hana Surukata Rufewa

Zuwa ga Mai Girma Jami'in Kula da Namun Dawa na yankin Talata Mafara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne manomin albasa daga Bakura wanda ya fara ɗaga hannu a taron da ka yi da mu bara. Ka ce tun da ruwan madatsar Bakolori ya shigo magudanai, namun dawa suna ƙetare hanya su sha, motoci na take su. Ka roƙi mu riƙa lura, mu aika maka, kada a taɓa mushen sai ka gani da idonka, don ka sa a yi tudun rage gudu a wurin. Ranka ya daɗe, da kunya nake wannan rubutu.

Na ɗaya, na yi abin da ka ce. Kullum in na hau keke zuwa gona ina duba hanya: bushiya, kunkuru, zomo, har yanyawa. Na aika ta hannun direba ya fi a ƙirga. Ko amsar gaisuwa ban samu ba. Yanzu a tasha Sarkin Mushe ake kirana, na kuwa shanye.

Na biyu shi ne ya fi ci mini rai. Gidan su matata ba su cin guza, ba su kashe shi, gadonsu ne tun kakanni. In sun ga gawarsa sai su naɗe a ƙyalle su rufe. Da rani motar tumatir ta take wani ƙaton guza a bakin kwalbati. Surukata, tsohuwa mai dogara sanda, ta fito da farin ƙyalle. Ni da ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba, na durƙusa na hana ta, na ce babban mutum yana tafe. Ta dube ni, ta ninke ƙyallenta, ta koma gida.

Ba ka zo ba. Motoci suka bi ta kansa har fatar ta manne da kwalta. Tun ran nan in na je gaishe ta, daga bayan zana take amsawa. Wallahi ban ga laifinta ba, ni na miƙa mutuncinta ga alkawarin baƙo.

Roƙona biyu ne. A yi tudun a bakin kwalbatin kafin rani ya dawo. Sannan ka zo da ƙafarka ka gaya wa tsohuwar nan cewa ba ƙarya na yi mata ba. In kuwa ba ka zuwa, ka aiko a faɗa mini. Fatar tana nan, zan ɗauki fartanya in kankare ta, in je in roƙi ƙyallen.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka daga irin wannan kunya.

Wassalam.

Naka,
Wani manomi daga Bakura.