Da Wane Suna Aka Kwantar da Lawali?

Zuwa ga Alhaji Mamuda Mai Kirgi, mai kamfanin jimar fata a Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka, ni Zainabu ce, malamar lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, yayar Lawali mutumin Guna. Na san za ka ce ba ka san wani Lawali ba. Haka mai gadinka ya ce mini, haka akawunka ya ce. Shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a, tunda wasiƙu biyu da na aiko maka ba su samu amsa ba.

Na ji ka a rediyo, ranka ya daɗe. Muryarka ta iso mana tangaram, kana cewa baƙin haure ne suka cika muku gari da sata da cuta, kana yaba wa hukuma da ta kwashe su. Na ajiye abin da nake yi na saurara har ƙarshe. To ga abin da ka manta ba ka gaya wa mai tambayarka ba.

Na ɗaya. Ƙanena bai haura katangar kowa ba. Damina biyu a jere gero ya ƙone a tsaye, rumbu ya zama ɗakin ɓera, shanunsa huɗu suka kwanta ɗaya bayan ɗaya. Ana cikin haka kamyonka, babbar motar kayan nan, ya tsaya a kasuwar Guna da rana tsaka, an zo sayen fatun dabbobin da fari ya kashe. Wakilinka ne ya ce ana neman majema, domin kowa ya san hannun mutanen Damagaram a kan fata. Shi ne kuma ya ce kowa ya bar kartidantite, katin shaidar ɗan ƙasa, a gida: Bahaushe marar takarda ba mai tanka masa a shinge, amma mai takardar Nijar ya tona wa kansa asiri. Katin Lawali yana cikin adakar matarsa har yau. A saman fatar shanunsa ya zauna aka kai maka shi.

Na biyu. Da suka isa, aka rataya wa kowa lambar ƙarfe a wuya, kowace lamba da sunanta. Sunayen tsofaffin ma'aikata ne, 'yan ƙasa, waɗanda jami'an duba ma'aikata suka riga suka sani. Mai suna ya tafi, suna ya zauna yana jiran sabon wuya. Lawali ya zama Garba Isa. Da ya aiko mana da labarin, dariya muka yi, har uwarmu tana tsokana wai a gaida mata Garba. Allah ya yafe mana wannan dariya.

Na uku, kuma nan ne zuciyata take tafasa. Bayan Babbar Sallah aka fara sauke mutanenmu a bakin iyaka, suna shigowa a ƙafa, leɓuna a tsattsage. Kwana tara ina zuwa tasha ina duba fuskoki. Daga ƙarshe Ibra, mutumin Zarmu da suka yi aiki tare da ƙanena, ya gaya mini cewa kwana biyu kafin hukuma ta yi kamen, Lawali ya zame ya faɗa ramin maganin da ke cire gashin fata, ya ƙone daga ƙugu zuwa ƙasa. A motarka aka fita da shi, yana numfashi. Iyakar abin da Ibra ya gani ke nan, don shi ma an watsa shi cikin kamyo kafin ya ji wani labari.

Na yi lasefase, takardar tsallake iyaka, da hatimi da hoto, don kada ka ce ni ma ta haure ce. Na zo Kano. Na bi gidajen likita huɗu. Inda na ce Lawali, a ce babu. Inda na ce Garba Isa, a tambaye ni wanne, mai shekara nawa, ɗan wace unguwa, kuma me ya haɗa matar Damagaram da shi. Na dawo ƙofar kamfaninka, akawunka ya dube ni ido cikin ido ya ce Garba Isa lafiyarsa ƙalau, yana bakin aiki. Ya aika aka kira shi. Na miƙe tsaye, na gyara mayafi.

Wani mutum ne ya fito, dogo, ban taɓa ganinsa ba, da lambar ƙanena a wuyansa. Da ya buɗe baki ya gaishe ni na ji harshen gida. Mako uku bayan jawabinka na rediyo, Alhaji, kamyonka ya sake zuwa ƙasarmu ya ɗebo wasu, shi ma yana cikinsu. Na jira sai da wannan bawan Allah ya dawo wajen iyalinsa kafin na rubuta wannan ta bainar jama'a, domin na san shi za a kama, kai kuwa a sake kiranka rediyo.

Ban ce ƙasa ba ta da ikon tsare iyakarta ba. Na karanta dokokin, na koyar da yara taswira shekara ashirin. Amma dokar da ta ga mai yunwa a kan kamyo, ta kasa ganin mai kamyon, wannan doka ce mai ido ɗaya. Ku masu kamfani kuna son hannunmu, sunanmu ne ba ku so. Idan rana ta yi zafi sai ku riga kowa ihun a kore mu.

Na huɗu. Matar Lawali, Nana Hadiza, wata bakwai ke nan ba ta san ko ita matar aure ce ko mai takaba ba. Alƙali ya ce ba zai yanke kome ba sai da shaidu, kuma gaskiyarsa. Liman ya ce ba a yi wa mai rai sallar gawa. Idan ta sa lalle mata su yi gulma, idan ta bari su ce ta yi wa mijinta mugun fata. Uwarmu ta daina cin tuwon rana, wai ba ta san ko ɗanta ya ci ba.

Ga abin da nake nema, kuma bai fi ƙarfinka ba. Ka kira direban da ya ɗauke shi, ya faɗi gidan likitan da ya kai shi da sunan da aka rubuta. In yana raye, a gado ko a kurkuku, ka je da kanka ka gaya musu sunansa Lawali ɗan Mamman, yana da dangi a Guna. In kuwa ya rasu, ka aiko mana da mutum biyu cikin waɗanda suka yi masa wanka, su tsaya gaban alƙali, sannan a nuna mini kabarin. Ka kuma cire lambar nan daga wuyan duk wanda ke ɗauke da ita yau, kada wata yaya ta yi irin yawon da na yi.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya tsare 'ya'yanka daga yunwar da ke raba mutum da gidansu. Allah ya ba ka ikon faɗar gaskiya tun kana da bakin faɗa. Nana Hadiza ta ɗinka farin zane ta ninke, tana jiran kalma ɗaya daga gare ka: ta ɗaura ko ta ajiye.

Wassalam.

Zainabu Mamman,
Birni, Damagaram.